Batirin Motar Baba

Mahaifina yana da wata tsohuwar a-kori-kura mai shan gas, wadda mu a Zangon Kumasi pikap muke ce mata. Da ita yake ɗauko buhunan albasa daga kasuwar Race Course. Amma ba albasa ta sa aka san motar ba. Duk wanda ya rasu a layinmu, har cikin unguwar Asawase, a bayanta ake ɗora makara a kai shi maƙabarta. Ko an aiko ko ba a aiko ba, da Baba ya ji rasuwa zai sauke albasa, ya wanke bayan motar da sabulu, ya shimfiɗa tabarma.

Shi ya sa kullum da ya dawo daga sallar asuba sai ya tayar da ita, ya bar inji ya yi ta gurnani na ɗan lokaci, ko da babu inda za shi. Maƙwabta sun yi mita har sun gaji. Ni ma na yi. Amsarsa ɗaya ce: ba ya son ranar da za a zo nemanta a tarar batir ya yi sanyi.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya kira ni ya danƙa mini makulli. Ya ce in riƙa tayar da ita kowace safiya, kuma idan tasa ta zo, a cikinta yake so a kai shi. Na ce to, har da cewa ya daina irin wannan magana. Wata biyu ina yi. Daga nan aka kwantar da shi a asibiti, ba mai kasa kunne daga ɗaki ya ji ko na tayar, ni kuma ga shagona a Adum, ga kai abinci asibiti. Na fara tsallake kwana ɗaya, sai mako, har na daina ƙirgawa. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, ba lokaci na rasa ba. Lalaci ne kawai.

Ya cika ranar wata Lahadi da hantsi. Aka sa jana'iza bayan azahar. Ana cikin yi masa wanka, baffana, ƙanin Baba, ya leƙo ya ce, "Kai, je ka duba lori nga." Sai a lokacin na tuna rabona da tayar da ita.

Na shiga na murɗa makulli. Ta ce ƙat, ƙat, ta yi shiru. Na bi duk abin da na saba ganin Baba yana yi. Na kunna fitila na zagaya gaba: wani ɗan ja-ja ne a ciki kamar garwashin da ya kusa zama toka. Na danna ham, babu ko tari. Na buɗe bonet na tarar kawunan batir sun yi farin gari. Na roƙi ruwan zafi wajen matan da ke dafa wa 'yan gaisuwa shayi, na zuba, na kankare da wuƙa, na ɗaure da sifana. Sifanar ta faɗi ƙarƙashin mota har sau biyu. Na sake murɗa makulli, wannan karon ko ƙat ɗin ban samu ba.

Gwaji na ƙarshe shi ne na wayar wuta. Baba yakan ɗora bakin waya a kan batir ɗaya, ya goga ɗaya bakin a ɗaya kan. In batir na da rai sai wuta ta yi tartsatsi. Na goga, na sake gogawa, ina addu'a a zuci kamar addu'a tana cajin batir. Ko ƙyalli ban gani ba.

Baffa na tsaye a kaina. Ya ce, "Ya mutu paa, murus. Yaushe rabonka da tada shi?" Bai sake tambaya ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Mun gwada batirin wata tasi, ya yi wa injin kaɗan. Turi kuma bai yiwu ba, don hancin motar na kallon bango, layin ga kwata hagu da dama, ga hawa. Shagunan batir a rufe, masu su suna coci. Na kira bakaniken Baba, wani Ba'asante da suka shekara ashirin tare. Da ya ji rasuwar ya yi mini sannu da yarensu, ya ce, "Kose, kose. Ina coci, amma ina zuwa yanzu yanzu da batir."

Aka yi azahar, aka sallaci Baba a ƙofar gida, daf da motarsa, bonet a buɗe. Na roƙi Baffa a ƙara ko rabin awa. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, ba a ajiye gawa don mota." Wani mai sayar da siminti ya kawo tasa. Aka share ƙurar simintin da tsintsiya, ba a ma samu wankewa ba, aka ɗora Baba.

Da muka dawo daga maƙabarta, na tarar da bakaniken zaune a kan dakali da kayan cocinsa, cunkoson motoci a kasuwar Kejetia ya riƙe shi. Ya riga ya ɗaura batirin. Ya miƙo mini makulli, idonsa jawur. Ban so karɓa ba, amma na karɓa na shiga.

Murɗawa ɗaya ta tashi. Gurnanin nan na kowace asuba ya cika layin, har mahaifiyata ta ɗaga labule ta leƙo daga ɗakin takaba. Na kifa kaina a kan sitiyari na yi kukan da ban yi a bakin kabari ba. Na kasa kashe injin, sai da Baffa ya zuro hannu ta taga ya zare makullin.