Hlengiwe da Farantan da Ba Su Tsiro Ba

Ni ce mai dafa wa ƙwayoyin tarin fuka abinci a wani ɗakin bincike a Durban, ni ce kuma mai kashe su a tukunyar tururi idan an gama da su. A nan na san Hlengiwe Zungu, ɗaya daga cikin masu binciken.

Mutane na son a ce wani nata ne tarin fuka ya kashe. Babu wanda ya kashe. Taurin kai ne kawai. Ƙwayar nan tana da wani sinadari da ke gina mata fata da maiƙo. Hlengiwe ta ce idan aka toshe shi ƙwayar ba za ta rayu ba, kuma daga nan ake fara neman magani. Shekara da shekaru tana toshewa, ƙwayar na tsirowa abinta.

Ta zuba ƙwayar a sababbin farantan gwaji ke nan mijinta ya rasu a hatsarin mota. Aka sa mata baƙaƙen kaya, aka zaunar da ita a kan katifa, yadda ake takaba a can. Farfesa, shugaban ɗakin binciken, ya ce aikin ya ishe shi, ran Juma'a in ƙona komai.

Na je gaisuwa na faɗa mata a gaban surukarta.

"MaCele, ba ki iya zuwa gaisuwa hannu sake ba?" surukar ta ce da ni.

"Mama, zan je in duba farantan," Hlengiwe ta ce.

"Makoti, ɗana ko sanyi bai yi a ƙasa ba, za ki tafi gaida ƙwari?" in ji tsohuwar. Makoti suke ce wa matar ɗa.

"Da ransa ma haka yake ce musu. Kishiyoyinsa."

Tsohuwar ta danne dariya da gefen bargo. "To, kujerar baya za ki zauna. Kada ki ba kowa bayanki."

Haka aka yi. Mai takaba ba ta zama a gaban mutane a motar haya, sai muka matsu a can baya, fasinjoji na ja da jikinsu. Ba ta kula su ba.

Ta ɗora rigar kariya a kan baƙaƙen kayan ta shiga, ni da Farfesa muna leƙe ta gilashi. Ta ɗaga farantin da ba a taɓa ba, ya cika da tsiro. Ta ɗaga wanda aka toshe. Fes, ba ko ɗigo.

Farfesa ya ce, "Sau ɗaya ba hujja ba ce."

Da ta fito ta ce, "Na sani. MaCele, a dafa min wani abincin."

Na ɗora tukunya. Ita kuma ta koma katifarta kafin rana ta faɗi.