Ƙararrawar Matar Yaya

Yayana ya yi shekara arba'in yana gyaran rediyo da dutsen guga a bakin layinmu, gida shida tsakanin shagonsa da gidansa. Ni kafinta ne, shagona da nasa bangonmu ɗaya. Kullum yana duƙe kan teburi da tabarau mai ɗaurin zare, hayaƙin dalma na tashi, sai ya wuni bai yi magana goma ba.

Shekarar da ciwon ƙafa ya kwantar da matarsa, 'ya'yansu duk sun yi aure sun watse. Ran nan ta zamo daga gado, ta daɗe a ƙasa tana kira ba wanda ya ji. Washegari Yaya ya sayo ƙararrawa mai batir da naɗin siririyar wayar wuta. Da ya gwada ta a kan teburi, sai da na yar da guduma don ƙara. Muka ja wayar ta kan katangun maƙwabta, ina buga ƙusa yana ɗaurawa, har bakin gadonta, ya sa mata abin dannawa.

Ta danna. A shago ƙararrawar ta ɗan yi rawa kawai, kamar ƙuda a cikin kofi.

Na ce, "Yaya, an sayar maka da mataccen batir."

"Sabo ne, Auta. Tafiyar ce ta yi nisa."

Ya ɗauko mitarsa ya auna guntuwar waya, ya auna wata mai ninkinta, ya nuna mini inda allura ta tsaya. Ya ce kowane taku na waya yana ɗan tare wuta, in tsawo ya ninka, tarewar ma ta ninka. Ga shi sai wutar ta je ta dawo, gida shida ya zama goma sha biyu. Ni da ban yi boko mai nisa ba, ranar na gane.

Ya ƙara wata wayar gefen ta farko, wai ya faɗaɗa hanya. Ƙararrawar ta fara magana, amma a sanyaye, in na kama zarto shi ke nan, ba a jin ta. Wata la'asar na raka shi gida, ta dube shi ta ce, "Malam, sau uku na kira ka yau. Wayar ce ta gaji ko kai?"

Ta juyo kaina. "Kai kuma mai zarto, ka toshe wa mijina kunne."

Muka yi dariya, ban da Yaya. Da safe ya ce in kama masa teburi. Muka kai shi ɗakin da ke ƙofar gidansa, ya yanke wayar saura taku ashirin. Na ce masu kawo gyara ba za su biyo shi cikin lungu ba. Ya ce masu so za su zo. Wasu sun zo, da yawa ba su zo ba. Ƙararrawa kuwa ta buɗe murya, har maƙwabta na ce masa a yi sauri, ana kira.

Da jikinta ya ƙara nauyi, muka sake ɗaukar teburin zuwa bakin ƙofar ɗakinta. Wayar ta koma kamu uku. Yana zaune tana ganinsa, amma sai ta danna.

"Ga ni a gabanki, me ya faru?"

"Gwadawa nake, in ga ko mai gyaran ya iya aiki."

Shekara biyu suka yi a haka, bai ƙara rasa kiranta ba. Bayan ta rasu bai koma shago ba, shi ma bai daɗe ba, Allah ya jiƙansu. Ƙusoshin da na buga suna nan a katangu, sun yi tsatsa. Ƙararrawar tana wurina da wayarta kamu uku. Bara na sa mata batir, ta yi ƙara kamar ranar farko, na cire na mayar da ita akwati.