Kwalaben Baba Haliru

Kafin rana ta ɗaga, Baba Haliru ya share gindin tsamiya, ya ɗora ruwan zafi, ya wanke kwanonin aiki. Shi ne mai wankin gyambo a wani ɗakin magani na En'e, wato hukumar gargajiya, tsakanin Boɗinga da Shagari, kuma a watan nan zai ajiye aiki. Jama'a, ku matso a yabi gwani tun yana ji da kunnensa!

Ga al'adar wurin: kowa kan zo da kwalbarsa ta zuba magani, ya ajiye ta a layi, ita ke riƙe masa wuri. Kwalba kuwa ba kowane gida ke da ita ba. To, da aka kawo wani sabon disfensa, wato malamin ba da magani, mai farin wando da agogo, sai layi ya lalace. Kwalbar da aka ɗaure kaza kusa da ita, ita ke fara shiga. Attajiri a ba shi kujera, talaka a yi masa magana da hankici a hanci.

Wata damina Tani ta kawo mijinta Garba daga Kajiji a kan jakin aro. Kurkunu ya tsinke masa a ƙafa, ta kumbura tana wari, ga gero yana jiran noma. Ba kaza, ba kwalba.

"Ranka shi daɗe, dubi Allah ka dubi ƙahwag ga," in ji Tani.

Disfensa ya toshe hanci. "Ina kwalba? Ku tahi sai kun samo."

"Yallaɓai, in munka koma, ƙahwar ba ta sake taka gona."

Ko kallonta bai yi ba. Yana can yana auna wa Alhaji Maniru mai albasa maganin ƙarin ƙarfi.

Baba Haliru ya dubi ƙafar, ya san ba ta jira. Ya shiga ɗakinsa, ya juye man gyaɗarsa a ƙoƙo, ya wanke kwalbar, ya kafa ta a gaban layi.

"Ga kwalbatai, Malam."

"Haliru! Kai ka ba da umurni nan ko ni? Ka taɓa shi, sai ka tuɓe rigar En'e!"

"Riga ta En'e ta, Malam. Hannu nawa na."

Ya durƙusa, ya ɗora ƙafar a cinyarsa, ya shiga wanki yana tsokana: "Garba, wagga ƙahwa ai ta hi kabewa! Tani, mi kika ba shi?" Garba yana hawaye yana dariya. Can sai Alhaji Maniru ya tashi daga kujera, ya mai da kwalbarsa bayan ta Garba, ya ce, "Ni nawa ciwon jin daɗi na." Wuri ya kaure da kabbara! Disfensa ya zuba magani yana cika yana batsewa.

Ƙarar Baba kuwa an kai. Ba a kore shi ba, amma ƙarin girma ya wuce shi har yau, bai kuma taɓa kuka da hakan ba.

Kai ne, Baba, wanda bai taɓa tambayar majinyaci ɗan wane ne ba. Kai ne ka mai da ɗan Alhaji Maniru da kazar da ya kawo maka, ka ce a yi wa uwarsa romo. Inuwar tsamiya, kowa naki!

Shekaranjiya Garba ya iso daga Kajiji da ƙafarsa, furfura ta fito masa, da kwando a ka. Baba ya ɗaure fuska: "Ka san ban amsar kyauta."

Garba ya buɗe. Kwalabe ne wankakku, ba komai cikinsu.

"Na sani, Baba. Ba naka na ba. Na wanda ya zo ba shi da ita na."

Baba ya juya baya yana goge ido da hannun riga.

Mun gode, Baba Haliru, Allah ya sa ka gama lafiya. Ku kuma masu farin kaya da za ku gaje shi, ga kwandon nan a gindin tsamiya. Kada ku bari ya bushe.