Ranar da na sauko da taubashina daga kan kuka

Har in mutu ba zan manta da ranar da aka zo ƙofar gidana ana roƙona in ceci mutumin da ya yi mini ƙazafi ba. Ƙazafin kuwa shi ne wai ni na bar ruɓaɓɓen turke a jikin kuka da gangan, don maƙwabcina ya faɗo ya karye. Wanda ya faɗi haka a gaban maigari taubashina ne, ɗan gwaggota, wanda muka tashi muna cin tuwo a akushi ɗaya. Ba zan kama sunansa ba, ya san kansa.

Ƙasarmu, nan tsakanin Cadawa da Gazawa, ba ta da dutsen da mutum zai hau, rairayi ne ko'ina. Abin hawanmu kuka ce. Akwai wata babba a bayan garinmu, jikinta sumul, ba reshe sai can sama inda mutum ke komawa kamar ɗan tsako a idon na ƙasa. Ana hawanta da turakun itacen kirya da ake kafawa a jikinta, wannan sama da wannan. Damina tana ruɓar da su, saboda haka kowace kaka, kafin a fara yankan ganye, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, a buga a ji sauti, a cire wanda ya mutu a kafa sabo. Aikin gidanmu ne, daga hannun babana na karɓa. Ni lakol, makarantar boko, ban yi nisa ba, mushe, wato malaminmu, ya gaji da ni na gaji da shi. Amma mu masu hawa muna da namu rubutun da kowa ke iya karantawa. In ka ga kaba ɗaure a turken farko, hanya a rufe take, ba a gyara ba. In an kwance, bismilla.

A shekarar da abin ya faru na ɗaura kabata da hannuna tun farkon ruwa. Ina gona ina yankan gero aka zo aka ce maƙwabcina ya faɗo daga kuka, cinya ta karye, an tafi da shi wajen mai ɗori a amalanke. Dama ni da shi mun yi cacar baki a kan iyakar gona, gari duk ya sani. Da ya samu bakin magana ya ce shi bai ga kaba ba, kuma na yarda bai gani ba, don da na je babu ita. Washegari a ƙofar maigari taubashina ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na gan shi da idona yana kwance kabar. Ya san wanda zai hau."

Na yi dariya da farko, na zaci wasan taubasantaka ne ya wuce gona da iri. Da na duba fuskarsa sai na ga ba wasa. Na rantse, na sake rantsewa, babu wanda ya ɗago kai ya dube ni. Maigari ya ce don zaman lafiya in bar kukar, gyaran hanya ya koma hannun taubashina. Zaman lafiya. Har yau in na ji kalmar nan sai bakina ya yi ɗaci.

Ba rashin ganyen ne ya fi ƙona ni ba, ko da yake da shi nake zuwa kasuwar Cadawa in rufa wa iyalina asiri. Abin da ya fi ci mini rai shi ne in shiga masallaci a matsa a bar mini fili kamar mai ƙazuwa. Matata ta je rijiya, mata suka yi shiru har ta cika tulu ta tafi. Kaka biyu suka wuce ina haka. Duk da haka ban daina sassaƙa turaku ba. In rani ya yi sai in nemo kirya, in zauna da gizago in fere, in jera su a ƙarƙashin rumbu su bushe. Matata ta ce, "Malam, wa kake yi wa? Ko hura wuta za mu yi da su?" Na ce ta bar mini kayana. Gaskiya ni ma ban san wa nake yi wa ba, haushi ne kawai yake neman wurin fita.

Ranar da aka zo roƙona, da hantsi, ina gyaran dangar gida sai ga gwaggo. Tsohuwa ce tukuf, sai da sanda, amma ranar ba ta ma ɗauko sandar ba. Bayanta ga ɗan aiken maigari yana ta sosa ƙeya. Ta ce, "Ɗana, ɗan'uwanka yana kan kuka tun safe. Turaku sun kakkarye a ƙarƙashinsa, hannunsa ya goce. Ba wanda ya yarda ya hau."

Na ce, "Gwaggo, ai an ce ni mai kashe mutane ne. Ki je wajen maigari ya hau."

Ɗan aiken ya ce, "Shi ya turo ni."

Na ce, "Kai ban da magana da kai."

Gwaggo ba ta yi kuka ba, ba ta roƙe ni da Allah da Annabi ba. Ta zauna a ƙasa kawai, a kan rairayi, ta ce, "Ni na goya ka lokacin da uwarka take kwance. Ban zo tuna maka ba, ƙafata ce ta gaji." Sai na shiga na kwaso turakuna a buhu, na ɗauki guduma da igiyar guga.

Da na isa, gari duk yana gindin kukar, kowa ya ɗaga kai. Kallo ɗaya na yi na gane abin da ya faru. Turakun ƙasa, iya inda idon mai wucewa ke kaiwa, sababbi ne farare tas, gwanin sha'awa. Daga nan zuwa sama kuwa nawa ne na da, waɗanda suka sha damina uku ba a taɓa su ba. Ya gyara inda za a gani a yaba, ya bar inda ba mai gani. Da ya juyo zai sauko da buhun ganye a baya, suka fara ɓallewa, da ƙyar ya koma ya maƙale a tsakanin rassa.

Ban taka nasa ko ɗaya ba. Na koma gefe na fara kafa nawa tun daga ƙasa. In buga, in ja da hannu, in taka da diddige, sannan in hau in buga na gaba. Na kwana biyu ban hau ba, zufa na shiga ido. Amma duk bugun da na yi sai in ji ƙarar ta fita ta zagaye garin, kuma na san kowa a ƙasa yana jin ta. Ba wanda ya yi tari. Wallahi tun da nake ban taɓa jin daɗin aiki kamar na ranar ba.

Na same shi ya rungume reshe da hannu ɗaya, leɓensa ya bushe, wandonsa kuwa ba a magana. Na ce, "Bawana, me kake yi a nan? Ƙwai kake kwanci?"

Ya ce, "Ubangidana, ka rufa mini asiri." Tun muna yara kowa ce wa ɗan'uwansa yake bawa, bai taɓa yarda ya kira ni ubangida ba sai ranar. Ina ɗaura masa igiya a ƙirji ya fara magana da sauri. Ya ce shi ya kwance kabar, yana so ya ɗan yanko wa awakinsa ganye, ya manta bai mayar ba. Da mutum ya faɗo sai tsoron jandarma, 'yan sandan ƙasarmu, ya kama shi. Ya ce, "Bari in faɗa musu yanzu, da ƙarfi, kowa ya ji."

Na ce, "A'a. In ka faɗa a nan, gobe za a ce na riƙe ka a sama na tilasta ka. Sai ƙafarka ta taka ƙasa. A can in ka ga dama ka faɗa, in ka ga dama ka yi shiru."

Na ratsa igiyar ta kan babban reshe, na jefa wa mazan da ke ƙasa ɗaya bakin, suka sassauta a hankali har ya dira. Ni kuma na sauko ta hanyata, ba gaggawa. Ina saukowa ina shakkar zai faɗa, don na san halinsa, yana iya shan ruwa ya manta. Da na dira na same shi zaune, gwaggo tana tsaye a kansa. Ban san me ta ce masa ba. Ya dubi maigari ya faɗi komai, muryarsa ƙasa-ƙasa, har sai da maƙwabcina, mai ɗingishi har yau, ya ce, "Ɗaga murya, ba mu ji ba." Ya sake faɗa.

Maigari ya fara wasu 'yan kalmomi a kan haƙuri da ƙaddara. Ban tsaya saurare ba, na tattara gudumata. Mutanen da a da suke guduna a sahu suna ta miƙo hannu, na karɓi na wasu, na wasu na bar shi a iska. Abin da na koya ranar shi ne mutane suna gaskata wanda ya riga kai magana, kuma rantsuwa ba ta wanke kowa. In an kore ka daga aikinka kada ka bar hannunka ya mutu, don ranar da za a neme ka ba a yi maka sallama tun jiya.

Da yamma ya zo gidana, hannu a ɗaure a wuya, ya tsaya daga bakin danga ya ce in yafe masa. Na fito na tsaya dab da shi, na ce, "Don gwaggo na sauko da kai. Yafiya kuwa ban kai nan ba tukuna, kuma kada ka turo mini liman ko wani dattijo. In hannunka ya warke, ka je gonar mutumin da ka gurgunta ka yi masa noma har ya ce ya isa. Ranar da ya ce ya isa, ka zo ka same ni, in ina da rai mu yi magana."