Kwafin da Zakara ke Cara a Bayansa

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata lakwal, makarantar boko, a nan Filinge, na sayi diski don tara finafinan gidanmu wuri ɗaya. Niyyata mai kyau ce: kowa ya daina ɓatar da katin waya, a zuba komai ciki, a jona da tele a kalla. Ashe juji na buɗe. Matata ta zuba nata, ƙanena in ya zo daga Yamai ya zuba nashi, maƙwabta ma suka mai da gidana wurin ajiya. Shekara ba ta zagayo ba diskin ya cika maƙil.

Cikar ba ta dame ni kamar sunayen ba. Ka buɗe ka ga "sabo", ƙarƙashinsa "sabo sabo", sai "sabo na gaske", sai "kar a goge", sai "kar a goge 2". Akwai wanda aka sa wa "fim ɗin jiya". Jiyan wace shekara, don Allah? Ni mutum ne da ko allin aji sai na jera shi bisa tsawo, abin nan kuwa yana ci mini rai kullum.

Da babban hutu ya zo, na ɗauko ordinatar, wato kwamfuta, na zauna kwana uku ina gyara. Kowane fim na rubuta masa sunansa, da harshensa, da ko hotonsa garau ne ko dishi-dishi. Wanda ya maimaitu in bar mai kyan, in goge saura. A haka na iske wani fim ɗin Indiya har kwafi biyar: na Faransanci, na Zabarmanci, biyu na Hausa masu kyau, sai na biyar wanda ko kyauta ba a karɓa. Hoton kamar an wanke shi da ruwan kanwa. Mutum ɗaya ne ke yin muryar kowa, mace da namiji da tsoho, da Hausarmu ta Kurfai, ga surutu ba ya ko numfashi, ga wani zakara yana ta cara a bayansa. Minti biyu na saurara na goge shi, na bi kwandon sharar ma na share, ina jin kaina wani babban injiniya.

Mahaifiyata tana zaune tare da mu tun rasuwar mahaifina. Idonta ya yi yana, ba ta fita ko'ina, kuma abin da ya rage mata na jin daɗi a yini shi ne bayan la'asar a shimfiɗa mata tabarma gaban tele ta ce a sa mata fim ɗinta, wancan na Indiyan. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, "Mushe" take ce mini, wato malam da Faransanci, kamar 'yan lakwal. Ran nan da kaina na sa mata mai kyan, na koma gefe ina jiran yabo.

Ta saurara kaɗan, ta ce, "Mushe, wanga ba shi na ba."

Na ce, "Shi ne, Inna. Wannan ma ya fi kyau, dubi yadda hoton ya fito."

"Ina mai ba ni labari?"

Na shiga yi mata darasi, wai wancan kwafin banza ne, wannan ƙwararru suka fassara. Ta bar ni na gama tsaf, sannan ta ce, "Kashe abinka." Ta lalubo tasbaharta ta juya wa telen baya. Kwana uku ba ta sake cewa a sa mata komai ba, la'asar ta yi sai dai ta zauna da tasbaharta. Ni kuwa haushi ya cika ni, na yi ta ƙorafi wai an yi wa mutane gyara sun ƙi godiya.

Matata ce ta gaji da ni. Ta kunna fim ɗin ta ce, "Malam, rufe idonka ka gaya mini abin da ke faruwa." Na rufe. Na ji kiɗa, na ji ƙofa, na ji wani abu ya fashe, wata ta yi ihu, sai kiɗa kuma. Ban san wa ya shigo ba, ban san wa aka mara ba. Ta ce, "To haka Inna take ji. Ta fi shekara ba ta ganin komai a telen nan sai haske, kunya ce ta hana ta faɗa maka. Wancan mai surutun da ka raina shi ke ce mata ga ta nan ta fito, ga shi ya ɓuya bayan itace, ga uwar tana leƙe ta taga." Kunya ta kama ni har ban iya ɗaga kai ba.

Daga nan na shiga neman kwafin. Ranar kasuwa na bi masu tura finafinai rumfa rumfa, kowa ya ce yana da shi, ya kunna, sai in ga mai kyan. In ce ba shi ba, ina son mai dishi-dishin, wanda zakara ke cara a bayansa. Wani ya dube ni ya ce, "Mushe, lafiya dai?" Ƙanena da na kira a Yamai ya ce bai ma san da shi ba. Matata ta tuna wata baƙuwa ce daga wajen Damana ta tura mata, katin kuma ya daɗe da lalacewa.

Abokina da ke koyarwa a Damana ya aiko cewa ya samo mai shi. Na hau moto cikin damina, na sha taɓo har gwiwa, muka je gidan mutumin, aka yi gaisuwa mai tsawo, ya ɗauko katinsa yana murmushi. Muna buɗewa na ga sunan fim, da harshe, da "hoto garau", daidai yadda na rubuta da hannuna. Wani maƙwabcina ne ya kwafa a wurina, ya ba wani, wani ya ba shi. Mutumin ya ce ai da yana da tsohon, da ya sami wannan sai ya goge. Wato gyarana ya riga ni isa Damana. Mai muryar kuma aka ce ɗan wajen Tabla ne, ya tafi ci-rani shekara da shekaru, babu mai labarinsa.

Na dawo hannu wofi. Washegari bayan la'asar na kunna mai kyan, na rage sauti, na zauna gefen tabarmarta na fara: "Inna, ga ta nan ta fito, ta ɗaura shuɗin zane."

Ba ta juyo ba, amma ta ce, "Ja ne."

"Shuɗi ne, Inna, ina ganinsa."

"Shi ya ce ja."

Haka muka yi awa uku. In na yi sauri ta ce ina koro awaki ne, in na yi shiru ta ce barci nake. Muryar mace da na gwada ta sa ta dariya har da tari, ta ce ko jaki ya fi ni. Ni da ke tsawata wa aji guda, ga ni ana gyara mini magana kowane minti. Haka muka riƙa yi kullum, da hutu ya kusa ƙarewa matata ta naɗi muryata a waya, abokina ya haɗa ta da hoton, gyare-gyaren Inna duk suna ciki.

Har yau diskin nan yana ba ni haushi, ya sake zama juji, kuma "sabo sabo" ya dawo. Amma ban ƙara goge komai ba sai na bi gidan kaf na tambaya na wa ne, kuma me ya sa. Na gane cewa ni hoto nake dubawa in yanke hukunci, alhali ban taɓa zama na ga yadda uwata ke kallo ba, muna gida ɗaya.

Da shekara ta zagayo bayan wancan hutun aka yi wa Inna aikin ido a Yamai, Allah Ya sa aka dace. Ranar da likita ya yarda ta kalli tele, na sa mata mai kyan da cikakken sautinsa, ina cewa a raina yau dai za a san na yi aiki. Ta ƙura ido ta kalla kamar minti goma, ta ga jarumin, ta ga gidan, ta ga komai. Sai ta gyara zama, ta lumshe idon da muka sha wahalar gyarawa, ta ce, "Mushe, na gani. Hidda wanga, sa mini naka."