Sunan da Na Ɓoye a Dandalin Masu Awon Jini

Shekarar da na gama koyon aikin awon jini, sojoji ba su daɗe da miƙa mulki ba, Legas kuma ta ƙi zama lafiya. Yau a ce an gwabza a wata kasuwa tsakanin mutanenmu da samarin gari, gobe a ce ƙarya ne, jibi a shigo da gawa unguwa. A Agege aka haife ni, in ina Yarbanci babu mai cewa ni ba 'yar gida ba ce. Duk da haka Baba ya hana mu yin Hausa a cikin danfo, motar hayar Legas.

Na daɗe ina yawon asibitoci da takarduna, ko'ina a ce in dawo. Wata ƙawata 'yar Filato, wadda muka yi makaranta tare, ita ta ce mini ba a bakin ƙofa ake samun aikin nan ba, sai mutanen cikinsa sun san ka. Ta kai ni wani shagon intanet a Ogba, ɗaki mai zafi a saman bene, janareta na ta ruri a ƙasa. Ta buɗe mini imel, ta saka ni cikin wani dandali na ma'aikatan awon jini. In mutum ya rubuta saƙo ɗaya, duk wanda ke ciki zai same shi a akwatinsa.

Da aka zo wurin suna, sai na sa haruffan farko kawai.

"Ke kuwa, wa zai ɗauki harafi aiki?" in ji ta.

Na ce ta bar ni haka tukuna.

Ta koya mini yadda ake zama da mutanen ciki. Kada in shiga da roƙon aiki. In gaishe su, in faɗi abin da na karanta, in yi tambaya mai ma'ana, wanda ya amsa mini kuma in gode masa. Na ji, amma na yi makonni ina karatu kawai. Wata rana ma wani daga cikinsu ya bar zancen aiki ya shiga siyasa, ya rubuta cewa 'yan Arewa sun cinye ƙasar nan, lokaci ya yi da za su tattara su koma inda suka fito. Na jira wani ya kwaɓe shi. Babu wanda ya tanka. Na zauna gaban kwamfuta ina jin kamar duk mutanen shagon suna karanta sunana a goshina.

Daga baya na daure na yi tambaya kan yadda ake adana magungunan gwaji in an ɗauke wuta firij ya huce. Na tura. Wata mata ta amsa mini da dogon bayani, Bayarabiya ce, tana da nata ɗakin awo a Ikorodu, kowa a dandalin Madam yake ce mata. Na gode mata, ta sake rubutowa, muka ci gaba da musayar saƙo. Sai ran nan ta ce in zo ta gan ni, in taho da takarduna.

Takarduna kuwa suna ɗauke da sunana da na Baba da na kakana.

Na gaya wa Baba. Ya tambaye ni ko na taɓa ganin matar da idona, na ce a'a. Ya tambayi wanda ya san ta a unguwa, na ce babu. Can ya ce, "Uwata, in har kin ƙudura, ki fita da sassafe, la'asar ta same ki a gida. Bakinki kuma ki riƙe shi."

Na shiga danfo da sassafe, tafiyar ta yi kyau har muka hau titin Ikorodu. Nan muka tarar motoci suna juyowa. Wani ɗan okada ya ce ana rikici a kasuwar gaba, direbanmu ya karya ya shiga lungu. Cikin motar ya kaure da magana. Wani mutum a bayana ya ce ai Hausawan nan ne kuma, in aka kama ɗaya a yi maganinsa. Na rungume fayil ɗina a ƙirji, na juya gefen da ke da suna ya kalli cikina. Matar da ke kusa da ni ta dube ni ta tambayi inda za ni. Na amsa mata da Yarbanci, har na taya ta tsaki. A raina kuwa babu addu'ar da ban karanta ba. Ban ga hayaƙi ba, ban ga kowa da makami ba, har yau ban san ko an yi rikicin ba. Da na sauka, na nufi ɗakin awon Madam.

Madam gajeriya ce mai furfura, da tabarau rataye a wuya. Ta ba ni ruwa, ta karɓi takardun ta karanta a hankali. Na ga lokacin da idonta ya sauka kan sunan. Ta ɗago ta dube ni.

"'Yata, dalilin haruffan ke nan?"

Na ce eh, Ma.

Ta ce ta karanta abin da mutumin nan ya rubuta, ta yi shiru ne don ba ta son hayaniya, ba ta san akwai wadda maganar ta taɓa ba. Ta sa ni na duba wani jini a madubin awo, ta yi mini tambayoyi, ta gamsu. Sannan ta gaya mini gaskiya, ba za ta ɗauke ni ba. Ba za ta iya sa ni bin wannan hanya kullum a irin wannan lokaci ba. Abin da za ta iya shi ne ta rubuta wa dandali cewa ta gan ni, ta gwada ni, ta tsaya mini. Amma da cikakken sunana da unguwarmu, don ba za ta tsaya wa harafi ba.

Na roƙe ta kada ta yi. Ta ce ba za ta rubuta ba sai na yarda.

Na koma gida lafiya, na kwana biyu ina juya maganar. Na riƙa ganin mutumin nan yana karanta sunana, yana tambayar layinmu a Agege. Ƙawata ta ce tsorona ya yi yawa. Baba ya ce shi ba zai zaɓar mini ba, amma in sani duk abin da ya fita ba ya komawa. A ƙarshe zaman gida ya ishe ni, na je Ogba na rubuta mata cewa na yarda.

Sai da na yi kusan mako ban koma shagon ba. Da na buɗe akwatin, mutumin nan bai ce uffan ba. Akwai saƙon wani likita mai ƙaramin asibiti a Abule Egba, yana son in je mu gana. A ƙasansa kuma wani saƙo ne da Hausa, ni kaɗai aka turo wa. Wani ne da na daɗe ina karanta rubutunsa a dandalin ban san namu ba ne. Ya yi mini murna, ya ce amma na yi ganganci, ya kuma roƙe ni kada in gaya wa kowa shi wane ne. Ban gaya ba.

Likitan ya ɗauke ni. Mutum ne mai babbar murya, daga ofishinsa yake ƙwala mini kira da cikakken sunana, marasa lafiya duk su waiwayo. Na yi watanni, duk lokacin da ya kira, ina duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya kafin in amsa. Yawancinsu sakamakon awonsu kawai suke jira. Na yi aiki a wurin har na yi aure. Madam kuma ban sake ganinta ba, sai dai gaisuwa ta imel duk sallah, har ta daina amsawa.