Mashigin Rafin da Na Rufe

Cikin shekarun da na yi a sashen wasanni na ma'aikatarmu a nan Abuja, akwai ranar da har gobe ba za ta fita raina ba, wato ranar da na tare masu tsere a bakin rafi aka saka mini da takardar tuhuma. Ku da kuka zo daga baya kun ji labarin a bakin mutane, kowa da irin gishirin da yake ƙarawa. Yau ku ji shi daga bakina, kuma ku yi haƙuri in kun ji muryata ta tashi, don har yanzu ban huce ba.

A lokacin ina mataki na takwas, aikina awon hanyar tsere. Ga wanda bai san aikin ba, kafin a saki mutane su yi gudu sai wani ya bi hanyar da kansa, ya auna ta da keke mai na'urar ƙirga a jikin taya, ya sa alama a kowane kilomita, ya zaɓi inda za a ajiye ruwan sha da inda motar asibiti za ta iya shiga. Daga nan ya zana taswira ya sa a fayil, kwamiti ya sa hannu. Da zarar an sa hannun nan, ƙaramin ma'aikaci ba shi da ikon gusar da ko taku ɗaya.

A watan Fabrairu aka ce in nemo hanya mai kilomita ashirin da ɗaya a wajen gari, wai an gaji da gudu a kan kwalta. Na samo ta can bayan Karshi, kuma ba yabon kai ba, hanya ce mai kyau. Tana ratsa kurmi mai ɗorawa da kaɗanya da maɗaci, ta bi gefen rafi cikin inuwa, ta tsallake shi a mashigin da mutanen wurin suke bi, sannan ta shiga wani tsohon ƙauyen Gbagyi a gindin dutse, inda har yau akwai ragowar ganuwar duwatsu da kakanninsu suka jera. Ranar da na auna, ruwan mashigin bai rufe idon sawuna ba. Na rubuta a ƙasan taswira cewa hanyar rani ce, tunda a Maris za a yi tseren.

Sai aka fara ɗage rana. Babban baƙon da zai ɗaga tuta ya yi tafiya, aka ce sai Mayu. Mayu ta zo, aka ce ba a gama shiri ba. Ƙarshe aka tsayar da wata Asabar a tsakiyar Agusta, lokacin da damina ta zauna daram. Taswirar Fabrairu kuwa tana kwance a fayil, babu wanda ya sake buɗe ta.

Ranar Laraba kafin tseren na koma sabunta alamomi. Na tarar da ruwan mashigin ya kai gwiwa, yana tafiyarsa a hankali. Baba Shekwolo, dattijon da mai garin ya haɗa ni da shi tun farkon aikin, gonar doyarsa a bakin rafin take. Ya tsaya yana kallona ina shafa fenti a jikin dutse.

"Malam, mutanen naka nan za ta wuce?"

Na ce, "Nan ne, Baba."

Ya girgiza kai. "Ruwa wannan ba ya sallama. Nan rana yana haske, can bisa dutse ana zuba ruwa, kai ba ka sani ba. In ka ga ya yi ja, yana kawo ganye da kara, ko akuya ba mu bari ya shiga. Kafin ka gama cin tuwo ya kawo nan." Ya dafa ƙirjinsa.

Ya kai ni wata gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙasa, can sama da mashigin. Na auna zagayen, ya ƙara kusan kilomita biyu.

Washegari na rubuta takarda bisa ƙa'ida na kai wa Oga Lawal, mataimakin darakta, wanda shi ne shugaban kwamitin. Ya karanta layi biyu ya ajiye.

"Malam Isuhu, kai matsalarka komai sai ka mai da shi babba. An buga taswira a katin gayyata, an kai wa babban baƙo. Masu ɗaukar nauyin ma wurin ruwan nan suke so, a ɗauki hoton mutane suna fantsama ruwa. In ka cire shi, me ya rage?"

"Ranka ya daɗe, ruwan Agusta ba na Fabrairu ba ne. Mutanen ƙauyen sun ce..."

"Mutanen ƙauye ne suka sa hannu a fayil?"

Ya ja biro ya rubuta "a ajiye" a kan takardata. Wannan mutumin fa bai taɓa taka hanyar ba, ko sau ɗaya. Abin da ya sani game da rafin shi ne shuɗin layin da ni na zana masa a takarda. Na fito daga ofishin cike da takaici. Abu ɗaya kawai na iya yi, na roƙi mai rabon aiki ya ajiye ni a mashigin ranar tsere.

Asabar gari ya waye tas, babu ko gajimare, har na fara jin kunyar kaina. Na tsaya da jar tuta da igiyar shinge da oba-oba, wato rediyon hannu da muke magana da juna. A ɗaya gefen mai ɗaukar hoto ya kafa kayansa. Bayan dogayen jawabai aka saki mutane sama da ɗari biyu. Wajen ƙarfe tara Baba Shekwolo ya taɓa kafaɗata, ya nuna ruwa da haɓa. Ya fara komawa launin kunun jar dawa, ganye da karare suna biyo shi. Tsayinsa dai har yanzu gwiwa.

Na kira Oga a oba-oba na gaya masa. Amsarsa ita ce, "A bi taswira. Ba na son jin wata magana."

Ba zan yi muku ƙaryar jarumtaka ba, na ji tsoro. Na tuna iyalina a Jikwoyi, na tuna ƙarin girman da nake jira a shekarar. Sai na jiyo ƙarar babur ɗin da ke jan na gaba. Na ja igiya na ɗaure daga bishiya zuwa bishiya, Baba da manoma biyu suka jeru suna nuna hanyar gada.

Na gaban wani dogon ɗan Filato ne, ya zo kamar zai tsallake igiyar. "Oga, wane irin abu ne wannan? Ka ɓata mini lokaci!" Ya juya ya bi ta gada yana faɗa. Ban ga laifinsa ba, wata da watanni ya yi yana shiri. Mai hoto ya zage ni daga can tsallake, ya naɗe kayansa ya tafi.

Gaskiya ita ce, da na bar su, na gaba-gaban da sun haye lafiya. Ruwan bai zo ba sai da 'yan tsakiya da na baya suka iso, ma'aikatan ofis masu tumbi, da matan ma'aikatarmu, da dattawan da suka yi ritaya suna tafe rabi gudu rabi tafiya. Ƙararsa muka fara ji, kamar tifa tana juye tsakuwa. Kafin in juya ya shanye dutsen da na shafa wa fenti, yana juya wani kututturen itace. Wata mata daga sashen kuɗi ta tsaya a tsakiyar gada ta riƙe ƙarfe tana salati. Da ban rufe hanyar ba, lokacin nan da su ne a cikin mashigin. Na zauna a ƙasa.

Ranar Litinin takardar tuhuma ta riga ni isa tebur. Wannan takarda ce da ake ba ma'aikaci ya kare kansa cikin kwana ɗaya kafin a hukunta shi. Laifina uku: canza hanya ba da izini ba, tsawaita ta har lokacin da aka ɗauka wa masu tsere ya tashi a banza, da kunyata ma'aikata gaban baƙo. Na amsa a rubuce, aka kira ni gaban mutum uku, Oga Lawal yana cikinsu. Ba a kira ko ɗaya daga waɗanda suka tsaya kan gadar ba, balle Baba Shekwolo. Hoto ban ɗauka ba, hannu ɗaya tuta, ɗaya oba-oba.

Oga ya ce, "Mutum nawa ruwan ya ci?"

Na ce, "Babu ko ɗaya."

"To, ina haɗarin?"

Nan haƙurina ya ƙare. Na ce, "Ranka ya daɗe, gawa kake so in ɗauko maka a matsayin shaida?"

Aka ƙara mini laifi na huɗu, rashin ladabi. Aka sa takardar gargaɗi a fayil ɗina, ƙarin girma ya wuce ni a shekarar, aka mai da ni sito ina jera riguna da ƙwallaye. Oga kuwa ya ci gaba da shugabantar kwamiti, har ya yi ritaya bai ga rafin nan da idonsa ba.

Abin da na koya shi ne, a wannan aiki in ka yi daidai babu abin da yake faruwa, kuma abin da bai faru ba ba ya shiga fayil. Don haka ku matasa, duk hanyar da kuka auna ku sake bin ta da ƙafa a satin tsere, ku tambayi wanda yake noma a bakinta, don ya fi kwamiti saninta. In ranar irin tawa ta zo muku, ku sani babu mai yi muku godiya, wataƙila ma ku sha hukunci. Takardar gargaɗin tana cikin fayil ɗina har yau, ban taɓa roƙon a cire ta ba. Gara in tsaya gaban mutum uku ina amsa tuhuma, da in je gidan matar nan in zauna ina yi wa 'ya'yanta bayanin taswira.